Daga Damagaram zuwa Jidda: Awa Nawa Ne?

Wata baiwar Allah daga unguwar Birni a Damagaram ta rubuto cewa za ta yi Umara karo na farko, ba ta taɓa shiga jirgin sama ba, kuma tsawon tafiyar ya hana ta barci.

Hajiya, ki kwantar da hankalinki. Daga Yamai zuwa Jidda kimanin kilomita 4,000 ne a miƙe, kuma jirgin da ke cin kilomita 850 a awa guda yakan kai cikin awa biyar da 'yan kai idan bai yada zango ba. Tun da yaƙin Sudan ya ɓarke a Afrilun 2023 jirage sukan yi kewaye, saboda haka ki ƙara lokaci a lissafinki. Wadda ta jure kusan kilomita 900 na hanyar mota daga Damagaram zuwa Yamai, ta Maraɗi da Dosso, ai ta riga ta wuce mai wuyar. Ki riƙe maganinki a jakar hannu.

Wani matashi daga Zango yana ƙorafin cewa lokacin saukar da aka rubuta masa ya zarce da awa biyu, ko an cuce shi? Samari, ba wanda ya cuce ka. Agogon Saudiyya yana gaban namu da awa biyu, kuma kowane tikiti da agogon garin sauka yake rubuta lokacin isa.

Wasiƙar da ta dame ni ita ce ta wani Alhaji a kasuwar Dole, wanda dillali ya kawo masa tikiti mai rangwamen jika hamsin, amma da zango a Addis Ababa. Alhaji, zango ba laifi ba ne, sai dai ka tambaya awa nawa za ka zauna, domin tafiyar awa biyar tana iya komawa ta kwana guda, a kan kujerar ƙarfe, kana sayen ruwan sha da dalar Amurka. Ta Kano kuwa nisan ya ragu zuwa kimanin kilomita 3,400, amma ka haɗa da kuɗin mota, canjin naira da jiran iyaka kafin ka kira shi araha.

Abin da ya fi wannan muni shi ne takardar kanta. Na taɓa riƙe irinta a hannuna: ga tambarin kamfani, ga sunan mai tafiya, ga ranar tashi, amma ajiyar wuri ce kawai da ba a biya ba, wadda takan mutu da kanta bayan ɗan lokaci. Mai ita ya sayar da shanu biyu, bai gano ba sai a filin jirgi na Diori Hamani da ke Yamai, da jakarsa a hannu. Tikitin gaskiya yana da lamba mai alƙaluma 13. Kada ka miƙa ko dala sai ka ga lambar nan, ka sa ɗanka ya duba ta a shafin intanet na kamfanin jirgin, sa'an nan ka karɓi rasit mai hatimin ofishi, ba alkawarin WhatsApp ba.