Lambobin Nijar a gasar Olamfik

Kana tambaya ko Nijar ta taɓa cin zinariya a Olamfik, a'a ɗan'uwa, ba mu taɓa ba. Lambobi biyu ne gare mu, tagullar Issaka Daboré a damben zamani a Munich 1972, sai azurfar Abdoul Razak Alfaga a taekwondo a Rio 2016, shekara 44 tsakani fa.

Kar dai ka rikice, zinariyar da Alfaga ya ci a 2017 ta gasar duniya ce a Koriya ta Kudu, ba Olamfik ba, ko a fadarmu nan Yamai mun sha gardama a kai, wasu har rantsuwa suke. Kokowar gargajiya kuwa da muka fi ƙarfi, wadda ake cin takobi, ba ta cikin wasannin Olamfik sam.