Amsa: Shin maganin kashe ƙwayoyin cuta yana lalata hanjin yaro har abada?

'Yar'uwa, kin tambaya ko maganin da likita ya rubuta wa ɗanki mai wata takwas zai shafe ƙwayoyin hanjinsa masu amfani, su tafi ke nan. Ki kwantar da hankalinki. Yana rage su ƙwarai, shi ya sa wasu yaran kan yi gudawa, amma galibinsu suna farfaɗowa cikin makonni ko watanni.

Jariri yana fara samun waɗannan ƙwayoyi ne tun lokacin haihuwa, daga jikin uwarsa. Abin da ya fi burge ni shi ne nonon uwa: akwai wani nau'in sukari a cikinsa da jariri ba ya iya narkarwa, abincin wasu ƙwayoyin hanji masu amfani ne da ake kira Bifidobacterium, su kuma su hana miyagun samun wurin zama. Don haka in kina shayarwa, ki ci gaba. Da an fara ba shi abinci sai jinsunan ƙwayoyin su ƙaru, zuwa shekara 3 hanjinsa ya kusa kama da na babba.

Babban mutum kuwa, wani ƙiyasi na 2016 ya ce yana ɗauke da irin waɗannan ƙwayoyi kusan tiriliyan 38, yawancinsu a babban hanji. Su ke sarrafa dusar hatsi da ganyen da cikinmu ya kasa narkarwa, su samar da bitamin K, su kuma horar da garkuwar jiki.

Ki ba shi maganin yadda likita ya tsara. In gudawar ta yi tsanani ko kika ga jini, ki mayar da shi asibiti ba tare da jinkiri ba.