Amsa ga Yaron Shagona a Kan Hotonsa da Aka Sace

Ɗana, jiya ka tambaye ni abin da za ka yi game da hoton giwayen da ka ɗauka a Yankari, wanda ka wayi gari ka gan shi a shafin wani mai tallan yawon buɗe ido a Facebook, an datse sunanka daga gefe. Ban ga laifinka ba da ranka ya ɓaci, domin na san kwana uku ka yi kana sammako kafin garken ya fito fili.

Hoton naka ne tun daga lokacin da ka danna kyamara, ba sai ka yi masa rajista ba. Dokar haƙƙin mallaka ta 2022, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a watan Maris na 2023, ta ba hoto kariyar shekara 50, kuma ta tanadi hanyar neman a sauke abin da aka ɗora a intanet ba da izinin mai shi ba. Sai dai doka da hujja take aiki, kuma a nan ne yawancin masu sana'armu suke sakaci.

Babbar hujjarka ita ce asalin hoton kamar yadda ya fito daga kyamara, wanda ke ɗauke da rana da sa'a da samfurin kyamarar, tare da hotunan da ka ɗauka gabansa da bayansa, inda za a ga giwar nan tana ɗaga hanci sannu a hankali har ta sauke shi. Wanda ya kwafa yana da hoto ɗaya tak, kai kuwa kana da jerin gaba ɗaya. Saboda haka kada asalin ya taɓa barin hannunka, ko da abokinka ne ya roƙa, kuma ka adana shi a wuri biyu. Abin da za ka riƙa ɗorawa shi ne wanda ka rage wa girma, yadda zai yi kyau a waya amma ya dushe idan aka buga shi a kalanda. Tambarinka kuma ka shimfiɗa shi a jikin giwar, inda yanke shi zai lalata hoton. Sa shi a kusurwa shi ne kuskuren da ka yi.

Kafin ka yi wa mutumin magana, ka ɗauki hoton shafinsa da kwanan wata, domin yana jin motsinka zai iya gogewa. Sannan ka rubuta masa cikin ladabi cewa ya biya ya mayar da sunanka, ko ya cire hoton. Wasu rashin sani ne ke sa su, sun ɗauka duk abin da ke intanet na kowa ne. Idan ya ƙi, Facebook na da fom na ƙorafin haƙƙin mallaka, bayansa kuma akwai Hukumar Kare Haƙƙin Mallaka ta Najeriya.

Gobe ka zo da katin kyamarar, mu bincika da Google Lens, manhajar da ke nemo hoto a intanet, mu ga ko hoton ya bazu wasu shafukan.