Ga ƙanwata mai shirin fara aiki a gidan attajirai

Salamu alaikum. Ƙanwata, kin ce an sama miki aikin kula da gida a wurin wasu manyan masu kuɗi a babban birni, a can za ki riƙa kwana, albashin ya yi miki, amma gabanki na faɗuwa don ba ki taɓa shiga irin wannan gida ba, kina neman shawarar wanda ya san harkar. Na daɗe ina wannan aiki, daga shara da goge-goge na fara har aka ba ni shugabancin ma'aikatan gida, don haka bari in faɗa miki abin da idona ya gani.

Yawan aiki ba shi ne zai wahalar da ke ba. A irin waɗannan gidaje kowa da ɓangarensa: kuku daban, mai wanki da guga daban, mai reno, direba, mai gadi, mai kula da furanni. Abin da ke kayar da sabuwar ma'aikaciya shi ne duk abin da aka bari a baki ba a rubuta ba.

Fara da kanki. Kafin ki ɗauki jaka, ki nemi takardar yarjejeniya: nawa ne albashi, wace rana ake biya, ƙarfe nawa kike tashi aiki, wace rana ce hutunki, wa zai biya magani idan kin kwanta ciwo, kwana nawa za a ba ki idan za a sallame ki. Kada kunya ta hana ki, domin ba roƙo kike ba. Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, ILO, ta fitar da yarjejeniya mai lamba 189 a 2011 musamman don masu aikin gida. Ta tanadi hutun aƙalla awa 24 a jere kowane mako, biyan albashi aƙalla sau ɗaya a wata, da kuma cewa fasfo da katin shaidarki a hannunki za su zauna. Ba kowace ƙasa ce ta rattaba hannu ba, amma ko ba komai kin san ma'aunin adalci. Rahoton ILO na 2021 ya ce mu miliyan 75.6 ne a duniya, kuma kusan takwas cikin goma suna aiki ba tare da wata kariya ta hukuma ba. Wanda ya ce ki kawo fasfo ya ajiye miki, ki ce kin gode, kina da wurin ajiya.

Maganar lokacin tashi ta fi ci mini rai. Mai kwana a gida, idan ba a yanke mata lokaci ba, aikinta ba ya ƙarewa. Baƙi su watse sha biyun dare, ke ce za ki kwashe kofuna, sannan asuba ta same ki a tsaye.

Sai kayan gidan. Ƙanwata, abin da kika saba wanke gida da shi zai iya lalata na can. Akwai wata yarinya da aka kawo mana, hannunta da tsafta ƙwarai, a makonta na farko ta ga tabon shayi a kan teburin mabul, wato dutsen marmara, na falo, ta matsa lemun tsami ta goge. Tabon ya fita, amma wurin ya dusashe, ya bar fari fat kamar tafin hannu a tsakiyar dutse mai sheƙi. Tsami yana cin mabul, ko lemun tsami ne ko ruwan khal, kuma ba gogewar da za ta dawo da shi sai an kira masu injin goge dutse. Aka yanke mata albashi. Har yau abin yana damuna, domin ba wanda ya taɓa gaya mata. Tun daga ranar na buɗe littafi, ɗaki bayan ɗaki, na rubuta mene ne wannan, da me ake goge shi, me ba ya so. Idan kin je ki tambaya ko suna da irinsa. Idan babu, ki sayi ɗan littafi ki fara naki.

Kaɗan daga ciki: daɓen katako ba ya son ruwa, tsumma mai ɗanshi kawai. Siliki da ulu ba sa shiga ruwan zafi, rigar ulu kuma ninkewa ake yi, in an rataye ta sai ta saki. Kofunan kiristal da cokulan azurfa da hannu ake wanke su, ba a injin wanke-wanke ba. Zanen bango mai tsada kada ki fesa masa komai. Wannan kuwa ta rai ce: kada ki taɓa haɗa bilic da wani maganin wanke banɗaki, domin idan ya haɗu da tsami ko sinadarin amoniya yana tayar da iska mai guba, ga banɗakunan nan a rufe suke.

Amana kuma ita ce jarinki. Za ki tsinci zobe a ƙarƙashin matashin kujera, ko damin kuɗi a aljihun rigar da aka kawo wanki. Kada ki sa a aljihunki da niyyar bayarwa anjima, ko da minti biyar ne. Ki kira shugaban ma'aikata a take, a ƙirga a gabanki, a rubuta. Akwai kyamarorin tsaro a lunguna, kuma ranar da abu ya ɓata, sabuwa ake fara kallo. Hoton falo ko na yaran gida kada ya hau Facebook ko TikTok ɗinki. Wasu gidajen har takardar riƙe sirri za su sa ki sa hannu, ki karanta ta a natse.

Ki kuma tambaya tun ranar farko wa ke ba ki umarni. Uwargida za ta ce abu, 'yarta ta ce wani, shugaban ma'aikata ya zo da na uku. Idan suka saɓa, kada ki zaɓa da kanki, ki mayar wa wanda aka ce shi ne a kanki.

Masu gidan sukan yi wata biyu ko uku a wata ƙasa, kada ki ɗauka hutu ne. Ana buɗe famfuna lokaci-lokaci don kada magudanai su bushe su yi wari, ana barin iska ta zaga ɗakuna saboda fumfuna, gadaje a gyare, domin waya ɗaya za a bugo a ce jirgi ya sauka. In an ba ki takardar yarjejeniyar, ki ɗauki hotonta ki tura wa wani naki kafin ki sa hannu, tare da adireshin gidan. Allah Ya sa ki shiga a sa'a.