Zauren Mai Gyam: Skyrim, Morrowind da musun da ya ƙi ƙarewa

Wasiƙun wannan watan kusan duk gida ɗaya suka nufa, wato jerin wasannin The Elder Scrolls na kamfanin Bethesda da ke Amurka. Masu tambayar ƙwallo ku yi haƙuri sai wata mai kamawa. Kamar kullum, daga shagon cajin wayata da ke gefen Dambatta nake amsa muku, inda na'urar wasa ta PlayStation 3 (PS3) da wata tsohuwar kwamfuta ke zaune a bayan kanta.

Tambaya: Malam Mai Gyam, barka da aiki. Yayana ya dawo hutu daga jami'a a Kano ya tarar ina buga Skyrim, ya ce wasan yara ne, wai wanda bai buga Morrowind ba bai san komai ba. Mun yi ta musu har Inna ta kore mu daga tsakar gida. Wa ya fi gaskiya? Daga ɗan sakandare, wani ƙauye a ƙasar Bichi.

Amsa: Ƙanena, wannan musun sa'anka ne, don tun ranar 11 ga Nuwamba 2011 da Skyrim ya fito ake yin sa. Shi ne na biyar a gidan. Arena ya fito a 1994, Daggerfall a 1996, Morrowind a 2002, Oblivion a 2006.

Yayanka yana da hujja, kada ka raina shi. A Morrowind fannonin gwaninta 27 ne, a Oblivion suka koma 21, a Skyrim 18. An cire mashi, an cire tsafin tashi sama, an kuma cire halaye takwas ɗin nan irin su ƙarfi da basira da sa'a waɗanda mutum ke gina jaruminsa a kansu. Abin da ya fi ci wa masoyan Morrowind rai shi ne kibiyar nan da ke saman allo tana nuna maka inda za ka. A nasu babu ita. Wanda ya aike ka zai yi maka kwatance ne da baki, irin wanda za a yi maka in ka tambayi hanyar ruga: ka miƙe har gindin kuka, ka bar rijiya a hagunka, in ka ga burtali ka wuce wurin. Sai ka buɗe littafin jaruminka ka sake karantawa, ka ɓata, ka dawo. Wanda ya sami bakin kogo ta haka ba ya manta shi. Ga kuma ƙasar ita kanta, tsibirin Vvardenfell, da guguwar toka mai tasowa daga dutse mai aman wuta, da matsafan da ke zaune cikin hasumiyar naman kaza, da ƙaton ƙwaron da ake hawa daga Seyda Neen zuwa Balmora. Skyrim kuwa duwatsu ne da ƙanƙara da masu gemu, abin da ido ya saba gani a finafinan yaƙin Turawa.

Akwai ma wani aibi da ƙila yayan naka bai kawo ba, ni zan kawo masa. A Skyrim za ka iya zama shugaban makarantar matsafa ta Winterhold alhali ɗan abin da ka iya bai taka kara ya karya ba, ka zama shugaban mayaƙan Companions, ka zama na ɓarayi, ka zama babba cikin makasa, duk kai kaɗai. A Morrowind ba a ƙara maka girma sai gwanintarka ta kai, kuma cikin manyan gidaje uku, Hlaalu da Redoran da Telvanni, ɗaya tak za ka shiga.

To amma ka tambaye shi yadda faɗan yake. Kana ganin takobinka ya ratsa ɓera, wasan ya ce ka kuskure, domin a ɓoye ƙuri'a yake jefawa bisa gwanintarka da gajiyarka. Yawancin yaran da na ɗora a kan kwamfutar nan a wannan ɓeran suke ajiye makami. Sannan hirar kusan duk a rubuce take, shafi bayan shafi na Turanci mai nauyi. Yayanka yana da Turancin, yana kuma zaune inda ake samun wuta. Kai kuwa daga magariba zuwa ƙarfe goma inji ke aiki, in an sami mai. Wanda ke da awa biyu ba zai so ya ƙarar da ɗaya wajen neman ƙofa ba, kibiyar da ake zagi ita ke tsimin fetur ɗinsa. Yawancin masu yanke hukunci a intanet ba su taɓa buga wasa da kunne ɗaya a kan ƙarar janareta ba.

Hukuncina: wajen labari da baƙuntar ƙasa Morrowind ne gaba, ba kusa ba. Wajen daɗin riƙe hannu da abin da zai yiwu a ƙauyenmu, Skyrim. Kuma ka tuna wa yayanka Morrowind bai taɓa fitowa a PlayStation ba, a kwamfuta da Xbox kawai ya fito. In yana so ka buga, ya bar maka laftof ɗinsa in zai koma.

Tambaya: Ranka ya daɗe, ina da gidan gyam a hanyar Maigatari. Na sa Skyrim a PS3, da farko lafiya lau, yanzu sai ya riƙa tsinkewa yana sandarewa. Na'urar ce ta mutu ko kaset ɗin? Kuma yaran ba sa son sa kamar ƙwallo. Daga mai gidan gyam, ƙasar Gumel.

Amsa: Abokin sana'a, kwantar da hankalinka, wannan tsohon ciwon Skyrim ne a PS3. Wasan yana riƙe lissafin duk abin da ka taɓa: gawar da ka bari, kwanon da ka ture, ƙofar da ka buɗe. Yayin da ajiyar wasanka ke girma, nauyin yana ƙaruwa. Ita kuma PS3 ƙwaƙwalwar aikinta a rabe take, megabayit 256 nan, 256 can na hoto, saɓanin Xbox 360 mai 512 a dunƙule. Bethesda ta fitar da gyare-gyare, har da na 1.4 a farkon 2012 wanda ya rage matsalar. In naka tsohon bugu ne, nemi Legendary Edition na 2013 in ka shiga birni wajen masu kayan gyam, yana ɗauke da gyaran da kuma ƙarin labarai uku, Dawnguard da Hearthfire da Dragonborn.

Kafin nan, kashe ajiyar da yake yi da kansa duk shiga da fita, ka riƙa yi da hannu. Goge tsofaffin ajiya. Hana yara zubar da kaya a titin Whiterun, wani birni na cikin wasan. In ya fara nauyi kashe na'urar gaba ɗaya ka sake kunnawa. Ka ɗaga ta daga ƙasa, ka hure ƙurar, don zafin bazara da ƙurar hunturu suna nasu aikin.

Maganar rashin kasuwa kuwa, ba laifin yara ba ne. Ƙwallo minti goma ce, mutum biyu, a ci a tashi, na baya ya zauna. Skyrim na mutum ɗaya ne, kuma gabatarwarsa kaɗai, daga keken fursunoni zuwa fita daga garin Helgen, za ta cinye kuɗin yaro bai ga komai ba. Abin da na ga yana tafiya a nan shi ne jarumi ɗaya na shago, a ware masa daren da ba a cika ba, a riƙa karɓa-karɓa, na gefe suna ba da shawara. Namu Redguard ne, baƙaƙen mutanen Hammerfell masu lanƙwasasshen takobi, babu wanda ya yi gardama a kan zaɓin. Sai dai ka gargaɗe su tun wuri kada kowa ya taɓa kazar ƙauyen Riverwood. Wani yaro ya gwada a nan, garin kaf ya taso masa har maƙerin.

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni manomi ne, ban san gyam ba. Ɗana mai shekara 13 kullum maganarsa dodo mai fuka-fuki da tsafi da wasu gumaka. Na ji tsoro. Me ke cikin abin nan? Daga mahaifi, ƙasar Ringim.

Amsa: Wa alaikumus salam, Baba. Da alama wasan Skyrim yake bugawa, zan faɗa maka abin da ke ciki ba tare da na ƙawata ba. Ƙagaggen labari ne na wata duniya da babu ita. Jarumin yana yaƙar wani dodo mai suna Alduin da ke neman halaka duniya. Yana iya yin haka da takobi ko kwari da baka ko sihiri na cikin wasan, wanda danna maɓalli ne kawai, ba wani karatu da yaro zai koya. Amma gaskiya ne mutanen labarin suna da ababen bauta da wuraren bautarsu, kuma akwai wasu miyagun halittu da ake kira Daedra da ke ba jarumi aiki. Ɗayansu tana neman ya yanka abokin tafiyarsa, wata kuma aikinta ya kai ga cin naman mutum. Ana iya ƙin yi a gama wasan lafiya, amma suna nan. Akwai jini da fille kai, akwai giya, akwai sata.

Su kansu masu tantance wasanni a can ba su ce na yara ba ne. A Amurka sun sa masa shekara 17 zuwa sama, a Turai 18. Don haka ɗan shekara 13, Baba, ni ba na ɗora shi a kai a shagona, ƙwallo da tseren mota nake ba su. Hukuncin shari'a na malamai ne, ka kai wa limamin garinku wannan bayanin kamar yadda na zayyana. Kuma ka bincika inda yake bugawa da lokacin da yake dawowa, don sau da yawa abin da ke cutar yaro shi ne isha'i ta wuce shi, safiya ta yi yana gyangyaɗi a aji.

Tambaya: Yaya Mai Gyam, na ga bidiyo wai ana saukar da Skyrim a wayar Android. Na ƙarar da data sau biyu bai buɗe ba. Daga wani ƙanenka a Ɓaɓura.

Amsa: Kada ka ƙara na uku. Bethesda ba ta fitar da Skyrim na waya ba, waɗancan fayilolin tarkon talla ne, wasu ma da ƙwayar cuta. Wanda ta yi wa waya a 2019 sunansa Blades, wani wasa ne daban, ƙarami. Na hannu na gaskiya shi ne wanda ya fito a Nintendo Switch a 2017. Abin dariyar shi ne tsohon Morrowind yana tashi a Android ta wata manhaja da masoyansa suka gina mai suna OpenMW, in kana da ainihin fayilolin wasan da haƙurin ƙananan rubutu. In kuma PPSSPP gare ka kamar kowa, manhajar nan ta buga wasannin PSP a waya, nemi Crisis Core na gidan Final Fantasy, ba ya cin data in ka riga ka sauke.

Tambaya: Yaya, ina wuni. Ni mace ce, a laftof ɗin yayana nake buga Skyrim in na gama aikin gida. Mun rabu biyu: shi yana bayan Ulfric, ni ina bayan Daular. Kuma an ce in kashe Paarthurnax, hannuna ya ƙi. Daga wata ƙanwarka, ƙasar Kazaure.

Amsa: Lafiya lau ƙanwata, kuma ki gaida yayan naki, ki ce masa ina ɓangarenki. Na san abin da ke jan samari wurin Ulfric Stormcloak, jagoran 'yan tawayen da ke son raba Skyrim da Daular da ke mulkinta. Daula ta sha kashi a hannun Thalmor, masu mulkin wata ƙasa mai gaba da ita, ta sa hannu a yarjejeniyar da ta haramta wa mutanen Skyrim bautar abin bautarsu Talos, ga shi kuma a farkon wasan sojojin Daular ne suka kwantar da kai za su sare maka wuya ba tare da sunanka yana cikin takarda ba. Wa zai so su bayan haka? Amma ki ce ya zaga Windhelm, birnin Ulfric ɗin, ya ga unguwar da aka tura baƙi 'yan ƙabilar Dunmer, ya ga 'yan ƙabilar Argonian da aka bari a bakin tashar jirgin ruwa a wajen ganuwa. Sannan a ofishin jakadancin Thalmor akwai takardar sirri da ke nuna su yaƙin basasar suke so ya daɗe, ko wa ke ci. Janar Tullius, kwamandan sojojin Daular, ba abin so ba ne, mutum ne mai izza da bai damu da al'adar mutanen da yake mulka ba, sai dai rabuwar kai Thalmor kaɗai take yi wa amfani. Nan ne wurin da nake ganin marubutan Skyrim sun yi aikin da ko masoyan Morrowind ba sa iya kushewa.

Shi kuwa tsohon dodon nan Paarthurnax, hannunki ya fi hankalin Delphine ta ƙungiyar Blades, mafarautan dodanni, wadda ta ce a kashe shi. E, ya yi ɓarna a zamanin da yake hannun daman Alduin, shi da bakinsa bai musa ba. Amma shi ya koya wa mutane kirarin da suka yaƙi dodannin da shi, ya kuma zauna a ƙololuwar dutse shekaru aru-aru yana danne halinsa. Ba dole ba ne ki kashe shi, babban labarin yana ƙarewa ba tare da haka ba. Abin da za ki rasa shi ne taimakon 'yan Blades, su kuma mutum biyu ne a kango.

Tambaya: Malam, ina Oblivion a lissafinka, kuma ina labarin na shida? Daga mai ɗinki, Wudil.

Amsa: Oblivion yana da ayyukan ƙungiyar makasa da suka fi na kowane a gidan daɗi, amma tsarinsa na ɗaga abokan gaba daidai da matakinka ya ɓata shi, har ka ga ɗan fashin kan hanya sanye da sulken da ya fi gari tsada yana neman ka ba shi 'yan sulalla. An sabunta shi a Afrilun 2025, sai dai na PS5 ne da sabbin Xbox da kwamfuta mai ƙarfi, ba na irin injinmu ba. Tsohon yana nan a PS3 tun 2007. Na shida kuwa an nuna ɗan gajeren bidiyonsa na duwatsu da suna a 2018, Microsoft ta saye kamfanin a 2021, suka fitar da Starfield a 2023. Ko ya fito gobe, PS3 ɗinka ba za ta ɗauke shi ba, don haka ka nemi Oblivion ɗin, ka fara da birnin Cheydinhal, inda maɓoyar makasan take.