Tambayi Likita: Fitsarin Kwance, Firgitar Dare Da Yarinyar Da Ta Ƙi Aike

Tambaya: Likita, ɗana shekararsa bakwai, har yanzu yana fitsarin kwance. Mun yi duka, mun hana shi ruwa tun la'asar, yayyensa har amalala suke kiransa, amma shiru. Daga wata uwa a Ƙofar Marusa.

Amsa: Baiwar Allah, a ajiye bulalar nan tukuna. Yaro ba ya jiƙa shimfiɗa da gangan, barci ne ya yi nauyi, mafitsara ta cika ba ta tashe shi ba. Mu likitoci ba ma ɗaukar abin a matsayin matsala kafin shekara 5, kuma yawancin yara da kansu suke dainawa. Yana ma bin jini. Ki tambayi kakarsa labarin babansa, ba mamaki ki sha dariya. Hana shi ruwa tun la'asar a zafin Katsina kuwa cutarwa ce. Ya sha ya ƙoshi da rana, a rage bayan magariba, musamman shayi da lemon kwalba, ya yi fitsari kafin ya kwanta, a sa leda ƙarƙashin zanin gado. Yayyen kuma ki ja musu kunne. A kawo shi asibiti idan da ya daina sannan ya dawo, ko yana jin zafi wurin fitsari, ko ana ganin jini a ƙarshensa, wanda alamar tsargiya ce ga masu wanka a kududdufi, ko yana yawan ƙishirwa yana ramewa. Masu sikila ma sun fi sauran yara fama da shi.

Tambaya: Mun baro ƙauyenmu a yankin Batsari bayan harin 'yan bindiga. Ɗiyata mai shekara tara tana farkawa cikin dare da ihu, in ta ji ƙarar babur sai ta shige bayan uwarta tana rawar jiki. Ta rage magana da cin abinci. 'Yan'uwa sun ce iska ce. Daga wani magidanci a Katsina.

Amsa: Malam, Allah Ya kiyaye gaba. Abin da ka bayyana mun san shi sarai. Wanda ya ga tashin hankali, jikinsa kan ci gaba da zama cikin shirin gudu ko da hatsarin ya wuce. A kunnen ɗiyarka, ƙarar babur har yanzu sanarwa ce cewa ga su nan sun iso. Tun sace ɗalibai sama da 300 a Ƙanƙara cikin Disamban 2020 ya kamata a ce mun ɗauki wannan ciwo da muhimmanci, amma har gobe in babu jini ba ma cewa yaro ya ji rauni.

Ku yi mata addu'a da tofi, yana kwantar da hankali. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a danne yarinya, a turara mata hayaƙi mai shaƙewa, ana yi mata tsawa wai a fitar da aljani. Firgici ne a kan firgici. In ta farka, uwarta ta rungume ta, ta kira sunanta a hankali, ta ce mata muna Katsina, ga babanki nan, ƙofa a kulle take. A bar mata 'yar fitila a kunne. Kada a matsa mata ta ba da labarin abin da ta gani, amma ran da ta fara da kanta, kada a ce "yi shiru, ya wuce". Wasu yaran ma a wasa ko a zane suke fitar da shi. Ta koma boko da Islamiyya, lokacin abinci da na barci su tsaya, domin sanin abin da gobe za ta kawo magani ne gare ta. Manya kuma su daina hirar gawarwaki da kunna bidiyon hare-hare a gabanta. Idan abin ya haura wata guda bai sassauta ba, ku je Asibitin Koyarwa na Tarayya ku nemi likitan ƙwaƙwalwa. Ganinsa ba ya nufin hauka.

Tambaya: Ɗiyata shekararta takwas. Kwanan nan in na aike ta wani shago a layinmu sai ta fashe da kuka, alhali da da gudu take zuwa. Taurin kai ne? Daga wata uwa a Daura.

Amsa: Hajiya, kada ki sake aikenta can sai kin san dalili. Mai yiwuwa kare ne ko yaran layi, amma yaron da ya tsani wani mutum ko wani wuri farat ɗaya yana faɗa miki wani abu. Yawancin masu lalata da yara sanannu ne, ba baƙi ba. Ki zauna da ita ku biyu, kina mata kitso ko tsifa, ki ce: "Me ke faruwa in kin je? Ba zan doke ki ba." Duk abin da ta faɗa ki gaskata ta, ki haɗiye salati da ihu, don in ta ga kin ruɗe bakinta zai rufe. Idan an taɓa ta, kada a yi mata wanka ko a wanke kayanta, a tafi asibiti nan take: maganin kariya daga cutar ƙanjamau cikin awa 72 ake fara shi. A kuma kai rahoto wurin 'yan sanda. Jihar Katsina tana da dokar kare yara tun 2020, kuma "a rufa asiri" ba ya rufa wa kowa sai mai laifin.

Tambaya: In yaro ya sha kananzir, manja ake ba shi? Daga wani matashi a Ƙofar Ƙaura.

Amsa: A'a. Ba manja, ba madara, kuma kada a sa masa yatsa ya yi amai, don kananzirin zai iya zarcewa huhu, can ne hatsarin yake. A cire masa rigar da ta jiƙe, a tafi asibiti da gorar a hannu ko da ya yi kamar ya warware. Kananzir da fiya-fiya kuma a daina zuba su a gorar lemo.