Daga Duwatsun Shere zuwa tsaunukan Alps a kan keke

Malam, ka tambaya ko wanda ya saba hawan keke a Duwatsun Shere nan Jos zai iya hanyoyin tsakuwa na Alps. Zai iya, amma sai da shiri. Ƙololuwar Shere wajen mita 1,800 ce, Colle delle Finestre kuwa, wata mashigar tsauni a Alps na Italiya, mita 2,178, kuma kilomita 8 na ƙarshe na hanyar hawanta tsakuwa ce zalla, hawa babu sassauci. Ni can zan fara tura ka, ta garin Susa. In da sauran ƙarfi, ka zarce hanyar Assietta, tsohuwar hanyar soja da ke bin doron tsauni sama da mita 2,000. Ka je tsakanin Yuli da Satumba, don dusar ƙanƙara na toshe hanyar da hunturu. Ka sa tayoyi masu faɗi, ka duba birki sosai kafin gangara.